Kalmar "hieroprepes" a Titus 2:3, maganar sutura ce ko maganar hali?

Tambayar da wata Mama ta aiko min ke nan: "Malam, a zumuntar matanmu muna nazarin Titus sura 2, mun zo aya ta 3 inda aka yi maganar tsofaffin mata. Wata ta ce ayar maganar shiga take yi, wato zani har ƙasa da ɗankwali, wata kuma ta ce a'a, ita ta ji an ce kalmar Helenanci da ke wurin tana da alaƙa da Haikali. Har muka tashi ba mu daidaita ba. Don Allah mece ce kalmar, kuma me take nufi?"

Mama sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa zumuntarku albarka. Ta biyun ce ta fi kusa da gaskiya, amma ta farkon ma ba daga sama ta tsinci maganarta ba, akwai inda ta samo asali kuma zan nuna miki wurin.

Abin da Bulus ya rubuta wa Titus a wurin kalmomi uku ne a Helenanci: en katastemati hieroprepeis. Wadda kuke nema ita ce ta ƙarshen, hieroprepes idan mutum ɗaya ne, hieroprepeis idan suna da yawa. In ta yi miki nauyi a baki ki ce "hiyero-firefes", ya wadatar. A duk Sabon Alkawari nan kaɗai ta fito, sau ɗaya tak, shi ya sa take wahalar da masu fassara, dan babu wata aya da za a ɗauko a gwada ta da ita.

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko hieros, wato abin da aka keɓe wa Allah, daga ita aka samu hieron, Haikali da duk harabarsa, da hiereus, firist. Ita ce kuma a 2 Timoti 3:15 inda aka ce Timoti ya san Littattafai masu tsarki tun yana ɗan ƙanƙani. Ta biyu prepo, wato ya dace, ya kamata, ya yi daidai da mutum. Ita Yesu ya faɗa wa Yahaya a bakin Urdun a Matiyu 3:15 da ya ce haka ya dace mu cika dukkan adalci, ita ce kuma a Afisawa 5:3, "kamar yadda ya dace da tsarkaka". Toh in kin haɗa su sai ki samu: abin da ya dace da wuri mai tsarki, ko da mutumin da ke hidima a wuri mai tsarki.

Sai dai mu da muke koyar da harshen nan kullum muna ja wa ɗalibai kunne kar su fasa kalma gida biyu su ce shike nan sun gama, dan sau da yawa kalma takan bar ma'anar gutsattsarinta ta kama wata hanya daban. Yadda masu harshen suka yi amfani da ita shi ne alƙali. A nan dai mun yi sa'a, asali da amfani sun zo ɗaya. Akwai wani marubucin Atina, Zenofon, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta inda masanin falsafa Sokiratis ke yi wa wani mai suna Kaliyas magana. Shi Kaliyas ɗan gidan firistoci ne, sai aka ce masa a wurin bikin addininsu ya fi duk waɗanda suka riga shi zama hieroprepes, ma'ana in ka gan shi tsaye kan hidimarsa ka san firist ka gani, kwarjinin aikin ya zauna masa. Kinga tun can kalmar ta masu hidima ce.

Amma misalin da ya fi taɓa ni yana cikin wani littafin Yahudawa da aka rubuta da Helenanci, Makabiyawa na 4. Ba ya cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu, ba kuma koyarwa muke ɗauka daga cikinsa ba, amfaninsa a nan shi ne yana nuna mana yadda Yahudawa masu jin Helenanci ke amfani da kalmar kusa da zamanin Bulus. Labarin 'yan'uwa bakwai ne da uwarsu a zamanin sarki Antiyokus na 4, wanda ya ƙazantar da Haikalin Urushalima wajen shekara ta 167 kafin Almasihu, ya tilasta wa Yahudawa cin naman alade. Babban cikinsu ya ƙi ci. Aka yage masa riga, aka ɗaure hannuwansa, aka yi masa bulala har masu dukan suka gaji, aka ɗora shi kan wata na'urar azaba aka hura wuta a ƙarƙashinsa, yana nan yana ƙarfafa ƙannensa kar su ja da baya. Da ransa zai fita, a sura 9 aya 25, sai marubucin ya kira shi saurayi hieroprepes. Mama ki duba da kyau, namiji ne, matashi ne, babu riga a jikinsa, jina-jina yake, kuma wannan kalmar aka zaɓa masa. Da maganar sutura ce da ba ta zauna a kansa ba ko kaɗan. Abin da marubucin ya gani shi ne mutum da ya riƙe kansa kamar wanda ke tsaye gaban Allah a wurin da babu bagade babu turare, sai masu azaba.

Yanzu mu zo ga 'yar'uwar da ta ce shiga ce. Kalmar da ta zo kafin tamu, katastema, ita ma nan kaɗai ta fito a Sabon Alkawari. Ma'anarta yanayin mutum, yadda yake ɗauke da kansa: tafiyarsa, zamansa, kallonsa, yadda yake amsa magana, yadda yake in ransa ya ɓaci. Tana da wata mai kama da ita a kunne, katastole, a 1 Timoti 2:9, kuma waccan ita kam a cikin maganar tufafi da kitso da zinariya ta zo. Mutane suna haɗa ayoyin biyu a kai sai ma'anar ɗaya ta zube cikin ɗaya. Ba yau aka fara ba. Tsohuwar fassarar Latin ta sa "in habitu sancto", shi kuma habitus a Latin yana ɗaukar yanayin mutum yana kuma ɗaukar tufafinsa, har Wiliyam Tindel da ya fitar da Sabon Alkawari da Turanci a 1526 ya sa kalmar da ke nufin tufafi a wurin. Daga baya, a fassarorin Turanci irin su ta Sarki Yakubu (King James) ta 1611, aka sa kalmar da ke nufin hali. Dan haka kar a yi wa 'yar'uwar nan dariya, manyan masana sun bi wannan hanyar kafin ita.

Abin da ya raba gardamar a wurina abu biyu ne. Na ɗaya nahawu: hieroprepeis jam'i ce, da matan ta dace, su take siffantawa, ba wani abu da ke jikinsu ba. Na biyu kuma wata wasiƙa da Ignatiyus, bishop na Antakiya, ya rubuta wa ikkilisiyar Tiralis a farkon ƙarni na 2, lokacin ana kan hanyar kai shi Roma a kashe shi. Ya yi maganar bishop ɗinsu Folibiyus, ya ce katastema ɗinsa kaɗai babban darasi ne, tawali'unsa kuma iko ne. Ai kinga ba rigar bishop yake yabo ba, yana cewa ne mutumin ko bai buɗe baki ba ganinsa ma koyarwa ne. Shiga tana ciki, ba na musu, mai kamun kai ba za ta yi shigar banza ba, amma ƙaramin lungu ne a babban gida, kuma gaskiya yana damuna yadda muke saurin mayar da kowace ayar mata ta koma maganar tsawon zani, dan zani yana da sauƙin aunawa, harshe da zuciya ba su da shi.

In kina so ki ga kalmar da idonki, ki tuna ranar jibin Ubangiji a majami'arku, ki tuna mamar da ke shirya teburi. Tun da sassafe ta zo ta wanke ƙananan kofunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta jera su a tire, ta shimfiɗa farin ƙyalle ta gyara gefensa ya daidaita. Ba wanda ya ce mata ta rage murya amma ta rage, ba wanda ya ce kar ta yi gaggawa amma tafiyarta ta canza, in yaro ya rugo zai bangaje teburin za ta tare shi da hannu ɗaya ba tare da ashar ba. Ta san abin da ke hannunta na wane ne. Abin da Bulus ke nema shi ne wannan mamar ta fita da wannan yanayin daga majami'a, ta shiga da shi bayan gida ranar biki inda ake yankan albasa ana tuƙa tuwo ana taɓa hira, ta shiga da shi ɗakin surukarta, ta je da shi kasuwa. Matan Karita, tsibirin da Titus ke hidima, da aka rubuta wa wannan ba su da wani haikali da suke hidima a ciki, a gidaje ikkilisiya ke taruwa a lokacin, saboda haka da aka ba su kalmar Haikali, gidan da tsakar gidan da makwabta su ne wurin hidimar.

Kuma Bulus bai bar mu muna lalube ba, shi da kansa ya buɗe kalmar da abubuwa uku da suka biyo bayanta a ayar.

Ya ce me diabolous, kar su zama masu yanke. Mama wannan kalmar ita ce dai diabolos da ake kiran Iblis da ita, mai ƙara, mai jefa zargi tsakanin mutane. Bulus ya ɗauki sunan Shaiɗan ya yi masa jam'i ya ɗora wa mai gulma. Ka ji nauyi. A wurinmu gulma ta zama kamar kayan shayi, har mukan sa mata rigar addu'a, "ku sa wance a addu'a fa, kun ji abin da mijinta ya yi?", kafin a ce amin labarin ya zaga unguwa, yanzu kuma ga WhatsApp, saƙon murya ɗaya na minti biyu ya isa ya kashe aure. Me ya sa aka fara da harshe? Dan dattijuwa ita ce ma'ajiyar sirrin gari. Ita ta karɓi haihuwa, ita amarya ke kai wa kuka, ita ta san wanda ya ci bashi da wadda ta yi yaji ta dawo. Abin da aka ba ta ajiya kamar kayan Haikali ne, in ta watsar da shi ta ƙazantar da hidimarta ko da ɗankwalinta ya rufe har gira. Ba mata kaɗai ake kira da wannan suna ba, a 2 Timoti 3:3 mutane duka aka faɗa wa, amma a nan su aka fuskanta saboda yawan abin da ke hannunsu.

Sai ya ce kar su zama bayin ruwan inabi mai yawa. Kalmar dedoulomenas daga doulos take, bawa, kuma siffarta ta nuna wadda aka riga aka bautar tana nan cikin bautar. Ta fi wadda aka faɗa wa dikinoni a 1 Timoti 3:8 ƙarfi. Karita tsibiri ne na inabi, a zamanin Romawa ana fitar da ruwan inabinsu zuwa Italiya, masu tonon tarihi sun samu tulunansa da yawa a Fomfeyi, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Ga shi kuma a Titus 1:12 Bulus ya kawo maganar wani mawaƙinsu, wanda magabata suka ce Efimenides ne, cewa Karitawa maƙaryata ne, mugayen dabbobi, ragwaye masu haɗama. A irin wannan wuri tsohuwa da ta gama renon 'ya'ya, ga lokaci ga tulu a ɗaka, kin san sauran. Akwai kuma wata alaƙa da nake gani a nan, a Firistoci 10:9 an hana Haruna da 'ya'yansa shan ruwan inabi in za su shiga alfarwa ta sujada, dan su iya rarrabe mai tsarki da marar tsarki su kuma koya wa Isra'ila. Ban ce lallai ita Bulus ke tunawa ba, amma jerin ya yi kama sosai, hidima, kamewa daga sha, sannan koyarwa.

Na ukun shi ne inda ake son zuwa dama, kalodidaskalous, masu koyar da abu mai kyau. Ba a samu wannan kalmar a wani rubutun Helenanci kafin wannan wasiƙa ba, da alama nan aka ƙera ta. Ki lura da wani abu a surar da mutane da yawa ke tsallakewa: an ce wa Titus ya yi wa tsofaffin maza magana, ya yi wa tsofaffin mata, ya gargaɗi samari, amma da aka zo kan matasan mata sai aka ɗauke aikin daga hannunsa aka damƙa wa dattijan mata, aya 4 da 5. Kalmar aikin da aka ba su, sophronizo, tana nufin dawo da mutum cikin hankalinsa, a saita shi. Wato rabin ikkilisiya aka ba ku ku rena. Shi ya sa ba na yarda in an karanta Titus 2:3 kamar tsawa ce ake yi wa tsofaffi su koma gefe su yi shiru. Muƙami ne aka ba su, halin da aka nema kuwa shi ne sharaɗin muƙamin, dan yarinya ba za ta kai damuwar aurenta wurin wadda ta san gobe za a ji a bakin rijiya ba. A 1:11 an ce masu koyarwar ƙarya suna birkita gidaje ɗungum saboda kuɗi. Ta gida ɓarnar ke shiga, wa ke shiga ɗakunan da Titus ba zai iya shiga ba in ba ku ba?

Nan zan ɗan taka birki, dan na ji masu wa'azi suna cewa ayar ta naɗa tsofaffin mata firistoci. Kalmar ba ta kai nan ba. Siffa ce, tana cewa ku zama kamar yadda ya dace da masu hidima mai tsarki, ba ta kafa wani matsayi a tsarin ikkilisiya ba. In ana neman firistancin masu bi, 1 Bitrus 2:9 ce wurinsa, kuma can kowa da kowa ne, maza da mata, yara da manya. Haka kuma kalmar ba ta ce a ɗaure fuska ba. Wasu sun ɗauka tsoron Allah shi ne mutum ya yi kicin-kicin, jikoki su gan shi su watse. Wadda aka ce ta koya wa 'yan mata ƙaunar mazansu da 'ya'yansu dole ta zama wadda ake iya zama kusa da ita, a yi dariya da ita, a faɗa mata abin kunya ba tare da fargaba ba.

Kin ce tsofaffi, wataƙila wata ta tambaya daga shekara nawa. Ayar ba ta sa lamba ba. Filo na Iskandariya, Bayahude da ya yi zamani da manzanni, ya kawo wani tsohon lissafi da ke kiran namiji presbutes daga wajen 50 zuwa 56, a 1 Timoti 5:9 kuma an sa 60 ga gwauruwar da za a rubuta a jerin ikkilisiya. Ni dai a ganina duk wadda ta kai a ce akwai na bayanta da ke kallonta, ayar ta fara shafarta.

Tunda kuna nazari, ga 'yan'uwan kalmar a gurguje dan kar su cakuɗe muku, saboda a Hausa sau da yawa duk mukan kira su tsoron Allah ko natsuwa. Eusebeia ita ce ibada da ta zama rayuwa, ta fito sau 15 a Sabon Alkawari, 10 daga ciki a wasiƙun Timoti da Titus. Eulabeia taka tsantsan ce a gaban Allah, sau biyu ta zo, Ibraniyawa 5:7 da 12:28, siffarta kuma aka ba tsoho Saminu a Luka 2:25. Semnos ita ce mafi kusa da abin da muke kira dattako ko kamala, halin da ke sa a girmama mutum ba tare da ya nema ba. Hieroprepes ta bambanta da su da abu ɗaya, ita tana ɗauke da ƙamshin wurin hidima a jikinta. In kina son mutum a Littafi da za ki nuna wa mata, ga Hannatu 'yar Fanuyila ta kabilar Ashiru a Luka 2:36-38, tsohuwa gwauruwa da ba ta rabuwa da hieron, tana azumi da addu'a dare da rana, da ta ga jaririn kuma ta shiga ba da labarinsa ga duk masu sauraron fansar Urushalima. Luka bai yi amfani da kalmarmu a kanta ba, amma bakin da ya shekara yana addu'a shi ne ranar nan ya yi shela.

In za ki faɗa musu ayar da Hausar da kowa zai gane ranar zumunta, ni haka zan sa ta: dattijan mata su riƙa ɗaukar kansu a ko'ina kamar masu hidima a wuri mai tsarki, kar su zama masu yanke, kar sha ya bautar da su, su zama masu koyar da abin kirki.

Sannan Mama don Allah ku karanta daga aya 2, kar ku fara daga 3. Ayarku ta buɗe da hosautos, wato "haka kuma", ma'ana abin da ake shirin faɗa wa mata irin wanda aka gama faɗa wa maza ne. Su an ce su zama masu kamewa, masu dattako, masu hankali, lafiyayyu a bangaskiya da ƙauna da jimiri. In wani baba ya ɗauko aya 3 zai auna ku da ita, ki nuna masa ta samanta cikin ladabi, a karanta su tare har zuwa aya 12.